Taƙaitaccen Tarihin Likita Walter Miller, 1872 zuwa 1952, da Majami'ar Tubali ta Wusasa

A cikin wannan littafi na bikin cikar ikkilisiyarmu shekara hamsin kun riga kun ga sunayen fastocin da suka yi hidima a nan, da na dattawa, da na shugabannin zumuntar mata. Kwamitin biki ya ga ya dace a ware 'yan shafuka domin wani bawan Allah wanda ba ɗan wannan ikkilisiya ba ne, ya kuma rasu tun kafin a aza harsashinta. Duk da haka kowane mai bi da ke sujada da Hausa, a Ƙaura Namoda ne, ko Shinkafi, ko Zurmi, yana cin moriyar wahalarsa kowace Lahadi, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Mutumin nan shi ne Likita Walter Miller, wanda kakanninmu suke kira Likita Mila. Za mu kuma daɗe a kan wani gini guda, watau tsohuwar majami'ar Wusasa kusa da Zariya, gama ba a iya ba da labarin ɗaya a bar ɗayan.

Ƙuruciyarsa da koyon Hausa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a ƙasar Ingila. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan, asibitin da aka sa wa sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi a gaba. Da ya gama karatu sai ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S., ta ɗariƙar Angilika, da nufin zuwa ƙasar Hausa.

A wancan zamani babu makarantar da Bature zai shiga ya koyi Hausa sosai. Abin da ake da shi shi ne littattafan da Rabaran Schön ya rubuta da taimakon Dorugu, wani saurayi da aka 'yanta daga bauta, da kuma ƙamus na Rabaran Robinson. Saboda haka aka aiki Miller da abokansa zuwa Tarabulus a bakin tekun arewacin Afirka, inda fataken Kano da mahajjata suke sauka bayan sun ƙetare hamada. A can ya zauna tare da Hausawa yana sauraron magana daga bakin masu ita. A can kuma ya gamu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda ya fito aikin hajji tare da mahaifinsa, mahaifin ya rasu a hanya. Yaron ya zama malamin Hausarsa, daga baya kuma ya zama kamar ɗa a gare shi. Mun ambaci wannan domin a san cewa Hausar da Miller ya yi aiki da ita duk rayuwarsa daga bakin maraya ya fara ɗaukarta, a ƙasar baƙunci.

Tafiyar Kano

A watan Janairu na 1900 mutum biyar suka tashi daga Legas: Bishof Herbert Tugwell, da Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da Burgin, da Likita Miller. A wannan wata ne aka kafa tutar Ingila a Lokoja, Lugga ya zama babban jami'in mulkin Arewa, amma ikonsa bai kai ko'ina ba tukuna. Sarkin Musulmi yana kan gadonsa a Sakkwato, sarakunan Kano da Katsina da Zazzau suna kan nasu. Lugga ya gargaɗe su kada su wuce inda zai iya kāre su. Ba su ji ba.

Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Da suka ga haka sai suka ƙara gaba zuwa Kano, suka isa a watan Afrilu. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga ƙasarsa. In za mu faɗi gaskiya, ba mu ga laifin Sarki ƙwarai ba. Baƙi ne da ba a gayyata ba, ba su nemi izini ba, ga kuma sojojin 'yan'uwansu suna matsowa daga kudu. Wane sarki ne zai iya bambanta Baturen littafi da Baturen bindiga a irin wannan rana? Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan atuni ya kashe Ryder, Richardson ya kwanta ciwo aka mai da shi gida, sauran kuma aka umarce su su janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Ga idon mutum, tafiyar ta ƙare da asara. Mutum biyar suka fito, ɗaya yana kabari, ba a sami ko mai bi guda ba.

Miller ya komo. Ya sake zama a Girku yana ba da magani yana fassara, har Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A Sakkwato Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba, kuma wannan alkawari ne jami'an da suka biyo bayansa suka riƙa kafa hujja da shi suna hana mishan shiga biranen sarakuna. Zariya ce ta fita dabam, domin a 1905, da yardar Sarki Aliyu ɗan Sidi, Miller ya shiga cikin ganuwa ya zauna a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekara ashirin da huɗu mishan ya yi a tsakiyar birnin Zazzau, abin da ba a yarda da shi a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba.

Aiki ne mai nauyi, girbi kuwa kaɗan. Mutane suna zuwa karɓar magani da yawa, masu karɓar baftisma kuwa ana ƙirga su da yatsu. Ya yi shirin makarantar 'ya'yan sarakuna, shirin bai yi ƙarko ba, gwamnati ta buɗe tata a Nasarawa ta Kano a 1909 a hannun Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa. Miller yana cikin waɗanda suka matsa a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda kuke karantawa yanzu.

Isawa da Gimi

Abin da ya sāke aikin ya zo ne ta ƙofar da ba wanda ya zata. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya sa ya ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai, har ya tara almajirai a kan haka. Aka kashe shi a kasuwar Kano saboda koyarwarsa, almajiransa suka warwatsu, waɗansu suka nufi ƙasar Ningi. Su ne ake kira Isawa. Ba su taɓa ganin Bature mai wa'azi ba, ba su da Linjila a hannu, amma suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu har 'ya'ya da jikoki. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iso wurin Miller a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Isa.

Aka samo musu fili a Gimi, suka taru daga wurare dabam dabam suka kafa ƙauyen masu bi. Wanda ya zauna tare da su shi ne Rabaran Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karebiyan. Suka yi gonaki, suka yi makaranta da ɗakin sujada. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya ɗauki manya da yara, har ba yadda za a yi sai a tashi. Waɗanda suka ragu, da marayun da aka bari, aka kawo su Zariya wurin Miller. Likita ne shi, ga mutanensa suna mutuwa da cutar da maganinta bai wadata ba a lokacin. Daga cikin zuriyar waɗannan Isawa ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Halinsa

Ba za mu shafa masa mai a baki ba don ya mutu. Likita Mila mutum ne mai taurin kai da kaifin harshe. Ya yi faɗa da Razdan bayan Razdan. Ya yi faɗa da shugabanninsa na C.M.S. Zumuncinsa da Sarki Aliyu ɗan Sidi, wanda ya buɗe masa ƙofar birni, ya lalace, kuma ƙorafe ƙorafen da Miller ya riƙa kai wa gwamnati suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarkin wajen 1920 aka kai shi Lokoja, inda ya rasu. Sarki Aliyu malami ne, mawallafin waƙoƙi, kuma Zage-zagi ba su manta da wannan al'amari ba. Akwai zalunci na gaske da Miller ya gani ya ƙi yin shiru a kansa, musamman a kan bayi da talakawa, wannan muna yaba masa. Amma akwai maganganun da ya rubuta a kan Fulani da kan addinin maƙwabtanmu waɗanda mu da muke zaune gida ɗaya da Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna zuwa wa juna suna da jana'iza, ba za mu maimaita ba. Shi yana da jirgin ruwan komawa Ingila. Waɗanda ya yi wa baftisma ba su da wata ƙasa sai wannan.

Abu guda ne bai taɓa sassautawa a kansa ba, kuma shi ne dalilin da ya sa muke tunawa da shi. Ya gaskata cewa Bahaushe yana iya bin Almasihu ya zauna Bahaushe, da harshensa, da rigarsa, da gaisuwarsa, a cikin garinsu. Don haka ya ƙi jinin a ce a fitar da mishan bayan gari. A ganinsa, ranar da aka fita daga ganuwa an yarda ke nan cewa bangaskiyar nan ta baƙi ce.

Ƙaura zuwa Wusasa

A cikin shekarun 1920 matsi ya yi yawa. Fada ba ta son mishan cikin birni, gwamnati ma haka, makaranta da ɗakin magani kuma sun fi ƙarfin filin Durumin Maigarke. A daidai lokacin ne samari suka iso daga Jami'ar Kambirij domin su taimaka. Babbansu shi ne Rabaran Guy Bullen. A cikinsu akwai Max Warren, wanda tarin fuka ya mayar da shi gida kafin ya cika shekara, daga baya ya zama babban sakataren C.M.S. duka. Samarin nan sun ga abin da dattijo ya ƙi gani, cewa aikin ba zai yi girma a inda yake ba. Aka karɓi fili a gindin dutsen Wusasa, bayan ganuwa, a zamanin Sarki Ibrahim. A 1929 mishan ya tashi daga birni. Miller bai zauna a Wusasa ba, ya nufi Kano.

To, a nan ne abin mamaki yake. Samarin da suka rinjaye shi a kan maganar wuri su ne suka gina abin da ya fi kowane wa'azi bayyana ra'ayinsa. Da aka zo gina majami'a a sabon wurin, ba a aika Legas a kawo zanen cocin Ingila ba, ba a jira siminti da kwano daga jirgi ba. Aka kira magina Hausawa, suka gina ta da tubali da azara, rufinta a kan bakan gizo, kamar yadda ake gina soron sarki ko babban masallaci. Aka sa mata suna St. Bartholomew, suna ɗaya da asibitin da Miller ya yi karatu a Landan.

Yadda ake irin wannan gini

Yaranmu da yawa sun tashi cikin gidan bulo, ba su san yadda soro yake tsayawa ba, saboda haka bari mu ɗan tsaya a nan. Aikin rani ne, bayan an kai amfanin gona gida. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, a sake tattakewa har ta yi danƙo. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya a rana. Magini yana hawa kan bango, yara suna jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa yana jerawa, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a gaggawa. In an ɗora sahu kaɗan sai a dakata ya bushe kafin a ƙara. Bangon yana da kauri ƙwarai a gindi, yana raguwa yayin da yake hawa, shi ya sa yake ɗaukar nauyin kansa da na rufi.

Wuyar aikin tana wajen rufi. Azara ita ce giginya da aka tsaga, tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta iya ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai. In tazara ta wuce kamar ƙafa shida sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki taron jama'a? Dabarar da maginan Hausa suka gano ita ce bakan gizo. Ana kafa azara cikin bango ta leƙo ciki kaɗan, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure wata kuma, hawa hawa, daga wannan bango da wancan, ana ɗaurewa da igiya ana lulluɓewa da ƙasa, har hannuwan biyu su gamu a sama. Kowace azara gajeriya ce, amma da yake kowace tana kan 'yar'uwarta, sai ga baka ya ƙetare ɗaki. Inda bakuna suka gicciye juna suka ɗaga tsakiyar rufi, shi ne ɗaurin guga. A kan bakunan ake jera sauran azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, a fitar da indararo domin ruwan sama ya zuba nesa da bango. A waje kuma a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, domin ruwa ya zame. A ƙarshe a ɗaga zankwaye a kan kusurwoyi.

Zariya ce gidan wannan sana'a. A can ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Jumma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, kusan shekara ɗari kafin Wusasa, ginin da masana daga ƙasashe suke zuwa kallo. Maginan da suka ɗaga bakunan majami'ar Wusasa sun tashi ne cikin wannan gado. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki da bazara ya san sanyinsa, wanda ya shiga da hunturu ya san ɗuminsa. In ruwa ya sauko ana tsakiyar wa'azi, mai wa'azi ba ya bukatar ya yi shiru ya jira, kamar yadda mukan yi a ƙarƙashin kwano. Abin da ya fi wannan duka shi ne, Bazazzagin da ya tsaya a ƙofa ya leƙa ba ya ganin abin da zai ce masa nan ba wurinka ba ne. Ɗaki ne irin na gidan ubansa.

Ku gwada wannan da yadda majami'u suka fara a wajenmu. A shekarar nan ta 1929 da aka koma Wusasa, a cikinta ne layin dogo daga Zariya, ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya. Jirgi ya zo ɗaukar gyaɗa da auduga, ya kuma kawo ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni daga kudu. Su ne suka fara taruwa domin sujada a garuruwan bakin dogo, a unguwannin baƙi, da harsunansu, cikin ɗakunan kwano. Allah ya sāka musu, gama sun riƙe fitila a lokacin da ba kowa. 'Yan'uwanmu Katolika ma ta wannan hanya aikinsu ya bi, har limaman ƙungiyar Dominik suka zauna a Gusau a 1956, Edward Lawton kuma ya zama bishof na farko na Sakkwato a 1964. Amma sakamakon wannan mafari shi ne mutumin Zurmi ko na Shinkafi ya tashi yana ganin coci kayan jirgi ne, abin da ya zo da baƙi zai kuma koma da su. Har yau in Bahaushe ya ce shi mai bi ne akan tambaye shi asalin garinsu, kamar ba a yarda ba. Majami'ar Wusasa amsa ce ga wannan tambaya, an kuwa ba da ita da ƙasa da giginya tun kafin a haifi yawancinmu.

Ba muna cewa a rushe bulo a koma tubali ba. Ginin ƙasa yana da nasa sharaɗi, kuma sharaɗin yana da tsada: yana son mutane kusa da shi. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an sabunta yaɓe. In an yi haka zai kai shekara ɗari, ga ta Wusasa tana gab da cikawa. In an bar shi damina biyu ko uku ba kowa, sai ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Mu a nan mun san wannan da idonmu. A shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da kewayen Ƙaura, Musulmi da Kirista duka sun bar gidaje da gonaki, kuma ɗakin da aka bari ba mai hawa rufinsa, na kwana ne ko na sujada, ruwa ne yake gama abin da ɓarayi suka fara. Waɗansu da ke zaune a kan bencinmu yau daga irin waɗannan ƙauyuka suka fito. Muna roƙon dattawa, kafin tsofaffin da suka san wuraren nan su shuɗe, a zauna da su a rubuta sunan kowane ƙauye da aka taɓa yin sujada a cikinsa, da wanda ya ba da fili, da wanda ya yi ginin.

Abin da ya fito daga Wusasa

A kewayen majami'ar aka gina makaranta da asibitin St. Luke, Wusasa ta zama gari. Ƙaramin wuri ne, amma mutanen da wannan jama'a ta fitar sun fi girmanta. Akwai Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda kuma babban asibiti a Kaduna yake ɗauke da sunansa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Akwai Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara daga ƙasar Angas, wanda ya yi ƙuruciyarsa da makarantar farko a Wusasa, ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Daga Wusasa kuma aikin C.M.S. ya bi dogo zuwa Maska da Bakori da Tsafe, ya matso kusa da mu. Guy Bullen bai daɗe ba. An naɗa shi mataimakin bishof na Masar da Sudan a 1935, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Sudan a 1937.

Littafi Mai Tsarki

Shi kuwa dattijon da ya ƙi bin su, a Kano ya duƙufa kan aikin da ya fara tun yana saurayi. Shekaru fiye da talatin yana juya Maganar Allah zuwa Hausa, littafi bayan littafi, tare da malamai Hausawa da ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyin mishan, ana gardama a kan kalma guda har a kwana. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna.

A nan ma abin bai bi ta inda ya shirya ba. Ya yi fassarar ne yana duban Kano da Zazzau da Katsina, amma waɗanda suka fara rungumar littafin da yawa su ne mutanen Filato, da kudancin Zariya, da Tangale, da Adamawa, masu harsuna barkatai, waɗanda Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na sujada. Da wannan littafi aka koyar a Gindiri da Kagoro da Tofa. Daga cikin waɗannan kabilu kuma aka sami masu bishara da suka ɗauko iyalansu suka zo ƙasar Hausa, suka zauna cikin Maguzawa suna noma suna koyar da karatu. Littafin ya yi kewaye mai nisa kafin ya dawo hannun waɗanda aka fassara shi dominsu, kuma ikkilisiyoyi da yawa a Katsina da Kano da Zamfara ta wannan kewaye suka samu. Wajen 1980 aka fito da sabuwar fassara, wadda yawancinmu muke karantawa. Amma in kun ji tsoho yana addu'a yana cewa Yesu Kristi a inda ku kuke cewa Yesu Almasihu, Hausar littafin 1932 ce take bakinsa.

Ƙarshen kwanakinsa

Miller ya bar C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, amma zama bai yiwu masa a can ba. Ya dawo Nijeriya ya ci gaba da koyarwa da rubutu. Tsufa bai rage masa kaifi ba. A 1947 ya buga wani littafi wanda sunansa ma tambaya ce, ko Turawa sun kāsa a Nijeriya, inda ya soki yadda gwamnati ta jingina da mulkin En'e ta bar talaka ba ilimi ba mai jin kukansa. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara tamanin, saura shekara takwas ƙasar ta sami 'yancin kai. A cikin shekarun 1990 ɗariƙar Angilika ta ba Wusasa bishof nata, aka kuma naɗa ɗan Arewa a kujerar. Tsohuwar majami'ar tubali tana nan a gindin dutse. Wanda hanya ta kai shi Zariya yana iya ratsewa ya shiga ya ɗaga kai ya dubi bakunan.